Sakatariyar Ungulaye

Mu mahauta muka laƙaba mata sunan, kuma wallahi da tsiya muka laƙaba shi. Mace ce ta shigo kwata da hantsi, da takalmi sau-ciki da jaka a kafaɗa. Ba ta tambayi tsoka ba, ba ta tambayi hanta ba, sai ta tsaya tana kallon bisa rufin kwano. Na ce, "Hajiya, ai naman a ƙasa yake." Ta ce ita ba Hajiya ba ce, sunanta Tabitha, kuma ungulaye ta zo gani. Kwata ta ɗauki dariya. Kafin ta kai bakin ƙofa wani ya ce a ba sakatariyar ungulaye hanya, sunan kuma ya bi ta har ta koma ga Allah. Ni Babaji, da na fi kowa ƙyaƙyatawa ran nan, ni ne yau nake ba da labarinta, don ban ga wanda zai ba da shi ba in na yi shiru.

Ubanta Timothy mutumin kudancin Kaduna ne, direba a ma'aikatar gandun daji tun muna jiha ɗaya da su. A nan Katsina aka haife ta, a nan ta yi makaranta, in tana magana ta bayan labule ba ka cewa ba 'yar cikin birni ba ce. Da aka raba jiha 'yan'uwansu da yawa suka tattara suka koma gida, tsohon ya ce shi ba inda za shi, nan cibiyar 'ya'yansa take. Tabitha ta koyi buga tafireta, ta yi 'yan shekaru a wata ma'aikata, ta auri wani malamin makaranta. Sai Alhaji Dabo, wanda ubanta ya yi wa tuƙi shekara da shekaru, ya yi ritaya daga gandun daji ya kafa wata 'yar ƙungiya ta kare itatuwa da tsuntsaye. Ya kama ɗaki biyu a Ƙofar Marusa, ya aika aka kira mashi ɗiyar tsohon direbansa.

Alhaji Dabo mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma in ka bar shi da kansa sai ya yi wa mutum uku alkawarin lokaci guda, ya tafi duba dashe ya manta da su duka. Tabitha ce ke riƙe da yininsa. Ita ke cewa wane zai shiga, wane ya dawo bayan la'asar. Ita ke amsa waya, ita ke buga takardu, ita ke tuna mashi gidan da ake bin shi gaisuwar mutuwa da gidan da aka yi haihuwa. In baƙi za su zo daga Legas ko daga ƙasar waje, ita ta san wanda ba ya cin yaji da wanda bai kamata a zaunar da shi kusa da wane ba. Yana ce mata ɗiyata, tana ce mashi Baba, amma in akwai baƙi sai ta koma ranka ya daɗe. Abin da aka fi saninta da shi, ba ta aika gayyata ta zauna jira. Sai ta bi ta da ƙafa, ta gaida mai gida, ta gaida matarsa, ta tambayi yara da sunayensu, har mutum ya ji kunyar ƙin zuwa. Taron da Tabitha ta shirya ba ya yin kujera fanko.

To, batun ungulaye. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Da muna tasowa, in aka yi yanka sai ka kore su da ƙafa kafin ka samu wurin tsayawa. Ba mai son su, ni ma ban so su ba, wa zai so tsuntsu mai sanƙo da wuya kamar an fige shi? Amma duk abin da muka zubar, kafin azahar sun share shi tas. Sai aka wayi gari suna raguwa, kamar da wasa. Shekarar da soja suka koma bariki muna ganin 'yan tsiraru bisa kwano, bayan nan kuma sai a yi kwana da kwanaki ba a ga ko ɗaya ba. Wari ya tashi a bayan kwata, karnuka suka yi yawa, ƙuda kuwa sai wanda ya gani. Ana ta faɗi a gari cewa masu neman kujera ne ke sa a nemo masu kan ungulu da ƙwanta a kai wa bokaye. Ni ban bi kowa gidan boka na gani ba, amma na sha ganin baƙin fuska suna zagaya kwata suna tambayar inda tsuntsayen ke kwana.

Abin da ya riƙa kawo Tabitha wurinmu ke nan. Alhaji ya ce a riƙa lura da su, ba kuma wanda zai aika, sai ta ɗora wa kanta bisa aikinta na ofis. Tana da wani madubin hangen nesa da baƙi suka bar wa ƙungiya. Ranar da ta fara miƙa mani shi na ce, "Malama Tabitha, abin da nake kora da ƙafa ne zan leƙa da madubi?" Ta ce, "Leƙa dai, Malam Babaji." Na leƙa. Ashe ungulu ido gare ta mai kyau, har da gashin ido. Shekara nawa ina tare da su ban taɓa sani ba.

Ana cikin haka, rani ya shigo, ana shirin zaɓe na biyu bayan tafiyar soja. Wata tsohuwa mai daddawa, Safara'u, ta zo sayen ƙashi tana ta mita, wai ungulaye sun dame ta da yar mata da ƙazanta a tsakar gida. Na ce, "Iya, ungulaye a ina?" Ta ce bisa tsohon rimin da ke bayan katangarta, can ƙarshen Kambarawa. Da na tashi daga kwata na biya ta ofis na shaida wa Tabitha. Ko jakarta ba ta rufe ba muka hau acaɓa.

Sheƙa ce babba, can ƙololuwa, inda rassa suka rabu. Uwa na zaune ciki, uban na bisa wani reshe. Tabitha ta daɗe da madubi a ido. Ta ce, "Akwai ɗa." Ta miƙo mani, na ga wani ɗan kai fari-fari yana leƙowa ta gefen uwar. A nan ta gaya mani abin da ban sani ba, cewa ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, in ya lalace shi ke nan sai baɗi. Ta ce iyakar saninsu, a duk kewayen birni wannan ce sheƙar da ta rage.

Murna ba ta yi nisa ba. Filin da rimin yake na gado ne, magada kuma sun riga sun daidaita da mai saye, mai sayen kuma shaguna zai gina. Masu zarto har sun zo sun zagaya itacen sun tafi. Alhaji Dabo ya je ya roƙa, aka karɓe shi da mutunci, aka ce mashi a yi haƙuri. Ƙungiya ba ta da abin sayen fili. Hanya ɗaya ta rage, hukuma ta karɓi wurin ta musanya wa magada da wani, ta kewaye itacen.

Ina zaune a bencin ofis ranar da suka yi shawarar. Alhaji ya ce, "Ɗiyata, da lokacin soja ne, takarda ɗaya zan rubuta wa kantoma. In ya ga dama ya sa hannu, in bai ga dama ba mu haƙura. Yanzu fa?"

Ta ce, "Baba, yanzu ɗan siyasa ba ya zuwa inda ba jama'a. In muka tara mashi mutane a gindin rimin, ya yi alkawari a gabansu da bakinsa, ga zaɓe ya matso, ba zai iya janyewa ba."

Alhaji ya ce, "Za ki iya tara su, a kan ungulu?"

Ta ce, "Ka bar mani wannan."

Kai, na ga aiki! Matar nan ta tsaya kai da fata. Ta bi ofishin Ciyaman na ƙaramar hukuma har masu gadi suka san takunta. Ta je wa mai unguwa, ta je wa limamin unguwa da gyalenta a ka, ta je wa shugabannin makarantu, ta shiga Babbar Kasuwa rumfa-rumfa. Mu mahauta ta ce mu zo da fararen kaya, mu za mu zauna gaba, don mu ne muka san amfanin tsuntsayen. Ta sa aka buga korayen riguna da huluna hana-salla masu hoton ungulu. Ta kai sanarwa gidan rediyo, aka yi ta maimaitawa safe da yamma: ana gayyatar jama'a zuwa gindin tsohon rimi a ƙarshen Kambarawa, bayan gidan mai daddawa, inda sheƙar ungulu ta ƙarshe take. Har kwatance ta sa aka yi dalla-dalla, don kada baƙo ya ɓata. Na ji sanarwar nan da kunnena ina fiɗa, na yi ta yi wa abokan aiki burga cewa ni na gano wurin. Alhaji ya ji, mai unguwa ya ji, malaman makaranta sun ji, ba wanda ya kawo komai a ransa. Gaba ɗayanmu zarto muke tsoro.

Ranar taro wuri ya cika maƙil. Ta sa aka kafa rumfuna nesa da itacen, ta hana maroƙa da makaɗa, ta sa aka rage lasifika don kada uwar ta tsorata ta bar ɗan. Ciyaman ya zo, ta miƙa mashi madubi, ya leƙa ya ce ikon Allah. Ya tashi a gaban jama'a ya ce an karɓi filin, za a ba magada wani, za a yi katanga. Aka yi tafi. Na ga Alhaji Dabo yana share ido da bakin rawaninsa. Tabitha kuwa ba ta zauna ba, tana tsaye da buhu tana raba riguna da huluna, duk wanda ya miƙo hannu sai ta ba shi, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Ta ce so take a ga hoton ungulu ko'ina a gari, har mutane su daina tofar da yawu in sun gan ta.

Juma'ar da ta biyo baya, Tabitha ta tafi kai wa manyan baƙi hotunan taro da godiya, kamar yadda ta saba bayan kowane taro. Maza duk mun tafi masallaci. Abin da ya faru, daga bakin Safara'u muka ji shi. Ta ce tana shanya kalwa sai ta ji motsi, ta leƙa ta bisa katanga, ta ga maza uku da igiya da buhu. Duka sanye suke da korayen riguna da hulunan nan. Ta ce masu sannunku da aiki, suka amsa da ladabi, suka ce ƙungiya ce ta aiko su duba lafiyar tsuntsayen. Har ruwa ta miƙa masu a kwanon sha. Ta ga sun watsa kayan ciki a ƙasa, ta ɗauka abinci ne aka kawo, ta koma ga aikinta. Ashe da guba a ciki. Uwa da uba suka sauko suka ci, don sun saba da hannun mutane. Ɗaya daga cikin mutanen ya hau ya ɗauko ɗan.

Da muka iso bayan an sauko daga masallaci, ba abin da ya rage sai gashi a ƙasa da guntun igiya a reshe. Allah ya isa! Na faɗa a wurin, ina kuma faɗa yanzu. Mutum ya bar salla ya zo ya kashe abin da ko cinsa ba a yi, don wani ƙato ya hau kujera. Na yi zagi ran nan irin wanda ban taɓa yi a gaban manya ba, Alhaji bai hana ni ba.

Tabitha ta iso daga baya, da ragowar hotuna a hannu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta saurari Safara'u har ƙarshe, sai ta tambaye ta abu ɗaya: "Iya, rigunan irin waɗanda na raba ne?" Tsohuwa ta ce su ne. Ta gyaɗa kai. Alhaji ya ce, "Ɗiyata, ba ke ba ce. Ni na sa hannu a sanarwar." Ta ce, "Baba, kai ka sa hannu, ni na yi kwatancen." Ta durƙusa ta tsince gashin nan ɗaya bayan ɗaya, ta haƙa rami da wani ƙarfe ta binne, don kada wani ya zo ya kwashe shi ma.

Ciyaman dai ya cika alkawari, ba zan yi mashi ƙarya ba. An ba magada wani fili, an yi katanga, an kafa allo mai hoton ungulu. Rimin yana nan har gobe, ya ƙara girma, yara na wasa a inuwarsa. Tsuntsu ɗaya bai sake kwana bisansa ba, sai hankaki.

Na ɗauka za ta bar aikin. Ba ta bari ba. Litinin ta buɗe ofis kamar kullum. Ta ci gaba da riƙe wa Alhaji yininsa har ƙarfinsa ya ƙare, ta riƙe wa wanda ya gaje shi. Taron dashen itace, taron makarantu, duk tana shiryawa, kujeru na cika. Abin da na lura kawai, ta daina zuwa kwata, madubin kuma ya koma cikin durowa. In yaran mahauta suka hango ta a hanya suka kira ta da sunan nan, sai ta ɗaga masu hannu ta wuce. Ni kam bakina bai ƙara iya faɗinsa ba.

Bayan wasu shekaru, Alhaji ya riga ya rasu, na tafi sayen shanu wata kasuwar ƙauye. A hanyar dawowa motarmu ta lalace, na zaga bayan wasu itatuwa in kama ruwa. Ina ɗaga kai sai ga sheƙa, ga uwa a zaune. Washegari ko kwata ban je ba, na nufi Ƙofar Marusa. Na same ta ita kaɗai, lokacin an kawo masu kwamfuta tana fama da ita. Muka gaisa, na kasa jira a gama tambayar iyali.

Na ce, "Malama Tabitha, albishirinki. Na ga sheƙa. In kin bi hanyar..."

Ta ɗaga hannu da sauri. "Tsaya, Malam Babaji. Kada ka gaya mani."

Na ce, "Haba, ke fa? In ban gaya maki ba wa zan gaya wa?"

Ta ce, "Ni aikina, abin da na ji in kai wa mai gidana na ofis. Shi kuma zai sa a rahoto, masu ba mu tallafi su nemi hoto, a ce a kai baƙi su gani. Ba zan iya sani in ɓoye mashi ba, ban taɓa yi ba. Abin da ban sani ba kuwa, ba wanda zai same shi a bakina." Can ta ce, a hankali, "Akwai ɗa?"

Na ce ban gani ba, ya yi nisa. Ta jawo durowa ta fiddo madubin, ta goge shi da gefen zanenta, ta miƙo mani. Har na kama, sai ta janye. Ta ce, "A'a. In aka ga mahauci da wannan yana kallon sama, za a bi shi." Ta mayar ta rufe.

Tun daga ran nan gaisuwarmu ta ƙaru da abu ɗaya. In mun haɗu, bayan ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, sai ta rage murya ta ce, "Ya mutanen can?" In ce lafiya lau. In shekarar an yi ɗa, in ce an samu ƙaruwa. Sai ta ce madalla, fuskarta ta washe, ta shiga wata maganar. Mijinta ya taɓa tambayata wai su wane ne mutanen can da ake ta gaishewa, na ce wasu dangina ne a ƙauye.

Da ciwo ya kwantar da ita na je dubiya. Ta rame ƙwarai, muryar ma sai ka matsa. Lokacin rani ne, na san akwai ɗa a sheƙa, na gan shi da idona ya fara fiffike. Da mijin ya fita kawo mani ruwa na ce, "Malama Tabitha, ɗana yana da mota. Mu ɗauke ki, ko daga cikin mota ne ki leƙa sau ɗaya. Ba wanda zai sani." Ta daɗe tana kallona, na ga tana so, wallahi na ga tana so. Sai ta girgiza kai. Ta ce, "Mota ta tsaya a ƙauye, da mace marar lafiya tana kallon itace? Kafin mu juya an taru." Ta lumshe ido, ta ce, "Ka dai gaishe su."

Ba ta ga damina ba. Na je cocinsu na tsaya daga waje tare da wasu mahauta har aka fito da ita, muka raka ta maƙabarta. Bayan an share makoki mijinta ya aiko mani da madubin, ya ce ita ta ce a ba ni. Yana cikin akwatina, ban taɓa fita da shi ba. Har yanzu ina bin hanyar nan in za ni sayen shanu, in kuma akwai mutane kusa, ba na ɗaga kai.